Gidajen haya masu kayan ɗaki a Abuja: Sauƙi ga baƙo, matsi ga ɗan gari

Duk iyalin da likita ya taɓa tura mara lafiyarsu Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja domin gashin cutar daji sun san cewa kuɗin asibiti rabin lissafi ne kawai. Irin wannan magani yakan ɗauki makonni biyar zuwa bakwai, ana zuwa kullum daga Litinin zuwa Juma'a, kuma galibi ba a kwantar da mutum. Wanda ya taso daga Gusau ko Azare ko Mubi ba zai riƙa zuwa yana komawa ba. Dole ya nemi inda zai zauna shi da mai jinyarsa, inda za a dafa masa abincin da cikinsa zai karɓa, a wanke masa kaya, ya samu wuta da ruwa.

Otal ya yi tsada ga zaman wata biyu, kuma ba a girki a ɗakin otal. Gidan haya na yau da kullum kuwa sai an biya kuɗin shekara, wani lokaci har shekara biyu, ga la'adar dillali da kuɗin lauya, sannan a shiga gida fayau babu ko tabarma. Gidan ’yan'uwa yakan ɗauki baƙo kwana uku ko mako guda, daga nan sai a fara jin nauyin juna.

Wannan giɓi ne gidajen haya masu kayan ɗaki suka zo suka cike, waɗanda ’yan birni ke kira shotlet. Sana'a ce mai amfani, kuma babu mai hankalin da zai nemi a kashe ta. Sai dai ta girma a Abuja fiye da dokokin da ya kamata su riƙe mata linzami, kuma masu ɗanɗana kuɗar hakan su ne baƙon da ke biya, da maƙwabcin da ke kwana a bayan katanga, da ma'aikacin da ke neman gidan shekara. Lokaci ya yi da Hukumar Birnin Tarayya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa za su ba ta tsari.

Su wa ke zama a cikinsu?

Gidan shotlet filat ne ko gida sukutum da aka zuba wa komai: gado da katifa, kujeru, talabijin, firji, na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar gas da tukwane, injin wanki, intanet. Baƙo zai shigo da jakarsa kawai. Ana biyan kuɗinsa a kwana, ko a mako, ko a wata, kuma wuta da ruwa da shara da gadi duk suna cikin kuɗin. Sun fi yawa a Maitama da Asokoro da Wuse 2, sannan suka bazu zuwa Jabi da Utako da Wuye da Jahi da Katampe da Guzape da Gwarinpa, har zuwa Lugbe da ke kan hanyar filin jirgi.

Masu jinya kashi ɗaya ne cikin masu zama. Akwai ma'aikacin banki ko na kamfanin sadarwa da aka yi wa canjin wurin aiki kafin ya samu gidan da zai ɗauko iyali. Akwai ɗan kwangilar da ke bin takardun biyansa daga ofis zuwa ofis. Akwai ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ofisoshin jakadanci da na ECOWAS. Akwai ’yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka da ke zuwa hutu da ’ya’yansu, da dangin amarya da ke zuwa biki, da ’yan siyasa da magoya bayansu a lokacin zaɓen fid da gwani ko shari'ar zaɓe.

’Yan Arewa da dama ma a ƙasar waje suka fara sanin irin wannan masauki. Wanda ya kai mahaifi asibiti a Alƙahira ko Delhi ya san cewa abu na farko da ake nema bayan sauka daga jirgi shi ne gida mai kaya da kicin a kusa da asibiti. Buƙatar da ke kai mutum can ita ce ke kawo shi Abuja.

Birnin da aka gina wa masu wucewa

Tun asali Abuja gari ne na masu zuwa su koma. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa Yankin Birnin Tarayya a 1976, kuma a ranar 12 ga Disamban 1991 aka mayar da fadar gwamnati daga Legas. A shekarun farko gwamnati ce babbar mai gida, ita ke ba ma'aikatanta da ’yan majalisa wurin zama.

Hakan ya canza a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda a 2003 ya fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su gida da mota. Daga 2005, lokacin Malam Nasiru El-Rufai yana Ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, har da rukunin gidajen ’yan majalisa na Apo. Tun daga nan, duk bayan shekara huɗu sababbin zaɓaɓɓu cikin sanatoci 109 da ’yan Majalisar Wakilai 360, da hadimansu, da sababbin ministoci da shugabannin hukumomi, kasuwa suke shiga neman wurin zama kamar kowa, kuma da aljihu mai nauyi.

Sai kuma wayar hannu ta zo ta sauƙaƙa cinikin. Kamfanin Airbnb da aka kafa a San Francisco a 2008 ne ya nuna wa duniya cewa mai ɗaki ɗaya zai iya gogayya da otal. A Abuja kuwa ba ma sai an bi ta kansa ba. Bidiyon minti ɗaya a Instagram ko TikTok, lambar WhatsApp da lambar asusun banki sun isa mutum ya buɗe sana'a.

Fatoma bai yi haka ba

Saukar baƙo don kuɗi ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. A zamanin fatauci, duk zangon da ayari ke sauka akwai fatoma, mai masaukin fatake. Shi ke ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu idan aka ci musu bashi. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya ɗoru a kan waɗannan masu gida.

Abin da ya riƙe wancan tsari shi ne sanayya. Fatoma ya san baƙonsa da garin da ya fito, Sarkin Zango ya san fatoma, kuma idan aka cuci baƙo akwai ƙofar da zai je ya kai kuka. Mai masaukin da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kasuwa.

Shotlet na yau ya ɗauki kuɗin ya bar wannan amana. Baƙo yakan tura kuɗi asusun mutumin da bai taɓa gani ba, mai gadi ya miƙa masa makulli, ya gama zamansa ya tafi bai san sunan mai gidan ba. Sau da yawa wanda ke tallan gidan ma ɗan haya ne da ya kama shi na shekara ya zuba kaya, ko dillalin da ya ɗauko hoto daga wani dillalin ya ɗora nasa kason.

Lissafin da ke korar ɗan haya

Babban abin damuwa shi ne abin da sana'ar ke yi wa kasuwar haya. A ɗauki misali domin a ga yadda lissafin yake. A ce filat mai ɗaki biyu ana ba da shi haya Naira miliyan 6 a shekara. Idan mai shi ya zuba kaya ya koma karɓar Naira dubu 80 a kwana, cikin kwana 75 ya haɗa wancan kuɗi na shekara. Idan gidan na samun baƙi kwana 15 kacal a wata, wato kwana 180 a shekara, abin da zai shigo ya kai Naira miliyan 14.4. Ko da rabi ya tafi a wuta da man janareto da albashin masu aiki da gyare-gyare, saura miliyan 7.2, ya ɗara abin da ɗan haya ke biya.

Ga kuma wata riba da ba ta kuɗi ba. Dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja ta tanadi a ba mai hayar shekara sanarwar wata shida idan babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, sannan a ƙara masa ta kwana bakwai, kuma idan ya ƙi fita sai an je kotu. Baƙon shotlet kuwa ranar da kuɗinsa ya ƙare ranar zai ɗauki jakarsa. Mai gidan da ya taɓa shan wahalar shari'a da ɗan haya ba ya buƙatar dogon wa'azi kafin ya sauya layi.

Duk filat ɗin da ya koma shotlet ya fita daga hannun iyalin da za su zauna a cikinsa shekara da shekaru. Waɗanda suka rage sai kuɗinsu ya tashi, domin mai gida ya ga abin da maƙwabcinsa ke samu. Wanda ya kasa biya a Wuye ko Utako ya matsa Kubwa ko Lugbe, na Kubwa ya matsa Zuba ko Suleja, na Nyanya da Karu ya ƙetara Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa. Cunkoson da ake gani kowace safiya a hanyar Nyanya, na malaman makaranta da ma'aikatan jinya da direbobi da masinjoji, shaida ce ta yadda birnin ke tura masu yi masa hidima nesa da shi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 Naira dubu 70 ne a wata, wato bai kai kuɗin kwana ɗaya ba a misalin da ya gabata.

Gaskiya ne ba shotlet ne ya fara jawo tsadar haya a Abuja ba. Tsadar fili da siminti da rodi, da faɗuwar darajar Naira bayan sakin ta a kasuwa a Yunin 2023, da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun wannan shekara, sun fi shi laifi. Amma a garin da gidaje masu sauƙin kuɗi suka riga suka yi ƙaranci, ɗebe wasu daga ciki ƙarin gishiri ne a kan miki.

Baƙon da ba shi da mafaka

Shi kansa baƙon da ake cewa an yi abin dominsa bai tsira ba. Koke-kokensa sanannu ne ga duk mai bin shafukan sada zumunta.

Na farko shi ne kuɗin ajiya da ake karɓa tun kafin a shiga, da sharaɗin za a mayar idan ba a lalata komai ba. Ranar fita sai a nemo tabo a zanin gado ko kofin da ya fashe, a riƙe kuɗin gaba ɗaya. Tunda babu jerin kayan da aka sa wa hannu ranar shiga, maganar mai gida ce ke tsayawa.

Na biyu shi ne alkawarin wuta dare da rana. A talla an ce ba a ɗaukewa, amma da baƙo ya biya kuɗin wata sai ya tarar ana kashe janareto da tsakar rana, ko kuma batirin sola ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Ga mai jinya da ke ajiye magani a firji wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na uku shi ne zamba tsagwaronta: a ɗauko hoton gidan wani a yi talla, a karɓi kafin alƙalami, a kashe waya. Baƙon da ke Sakkwato ko Landan ba shi da hanyar tantancewa sai ya iso.

Na huɗu ya shafi mai dogon zama kai-tsaye. Mutum ya biya wata guda yana shirin ƙarawa, sai Disamba ta matso ko wani babban taro ya taso, a ce masa ya tashi domin an samu mai biyan kuɗin kwana-kwana. Lauyoyi da dama na kallon irin wannan baƙo a matsayin wanda aka ba izinin zama kawai, wanda bai da kariyar da ɗan haya ke da ita. Ga shi ba baƙon otal ba ne, ga shi ba ɗan haya ba, ya faɗa tsakanin dokoki biyu.

Akwai kuma batun sirri da lafiya. Tun daga ranar 30 ga Afrilun 2024 kamfanin Airbnb ya haramta sa kyamara a cikin gidajen da ke shafinsa a duk duniya. Gidan da aka kama ta WhatsApp wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba. Haka nan tukunyar gas mai yoyo da janareton da aka ajiye kusa da taga suna kashe mutane cikin barci, kuma baƙo ba shi da yadda zai san ko wani ya taɓa duba su.

Maƙwabci ma yana da haƙƙi

Iyalin da suka saya ko suka kama gida a rukunin gidaje sun yi haka ne domin su san waɗanda suke zaune da su. Idan filat ɗin sama ya koma shotlet, fuskoki na canzawa duk bayan kwana biyu, ana kiɗa har asuba, motoci na tare hanya, mai gadi ya daina sanin wa zai tare wa zai bari. A unguwar da ke da yara ƙanana wannan abin tsoro ne.

Jami'an tsaro ma sun san cewa gidan da ba a tambayar katin shaida mafaka ce ga mai neman ɓuya. Kisan shugaban kamfanin Super TV a wani gidan shotlet da ke Lekki a Legas, a Yunin 2021, ya girgiza ƙasar nan, ya kuma jawo tambayoyi kan yadda ake karɓar baƙi a irin waɗannan gidaje. Otal komai ƙanƙantarsa yana da teburin karɓar baƙi da littafin rajista. Bai kamata gidan da ke yin aikin otal ya zama ba shi da ko ɗaya ba.

Nan ne ya kamata a bambance abu biyu da ake haɗawa a suna ɗaya. Mai zaman wata biyu yana jinya ko aiki maƙwabci ne na ɗan lokaci, yana gaisawa da mutane, ana ganinsa a masallaci ko coci. Mai kama gida dare ɗaya domin shagali wani abu ne daban. Yawancin ɓarnar da ake kuka da ita daga na biyun take fitowa, yawancin amfanin kuma yana wurin na farkon.

Uzurin masu gidajen

Adalci ne a saurari masu sana'ar. Da yawansu matasa ne da mata da suka zuba jarinsu a kujeru da sola da batura, suna ɗaukar masu shara da masu wanki da masu gadi aiki. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya, fiye da ninki uku na abin da ake biya a da, ga tsadar dizal. Akwai watannin da gida ke zama babu kowa, akwai kuma baƙin da ke fasa talabijin su tsere da tawul.

Babban tsoronsu shi ne da zarar an ce tsari, abin da zai biyo baya jerin masu rasit ne: na ƙaramar hukuma, na hukumar tsaftar muhalli, na hukumar haraji, na masu kula da yawon buɗe ido, kowa da tasa takardar. Wannan tsoro yana da tushe, domin haka ƙananan ’yan kasuwa suka saba gani. Tsarin da zai ƙare a karɓar kuɗi kawai zai ƙara wa baƙo tsada, ya kuma kori masu gaskiya zuwa ɓoye.

Yadda wasu birane suka yi

Abuja ba ita ce ta fara shiga wannan hali ba. A Landan, tun 2015 doka ta ƙayyade cewa ba za a ba da gida sukutum hayar gajeren zama fiye da dare 90 a shekara ba sai da izinin hukumar tsara gari. A New York, dokar da aka fara aiwatarwa a Satumban 2023 ta wajabta rajista ga duk mai saukar baƙi na ƙasa da kwana 30, ta ce dole mai gidan ya kasance yana ciki, baƙi kuma kada su wuce biyu. Zaman kwana 30 zuwa sama ba ta taɓa shi ba, shi ya sa masu gidaje da yawa suka koma neman masu dogon zama. A Basalona ta ƙasar Sifaniya, magajin gari Jaume Collboni ya sanar a Yunin 2024 cewa lasisin gidajen ’yan yawon buɗe ido sama da dubu 10 zai ƙare zuwa Nuwamban 2028.

Dubai ta bi wata hanyar. Tun 2013 ta halatta sana'ar, amma kowane gida sai ya samu izini daga hukumar yawon buɗe ido, kuma ana shigar da bayanan kowane baƙo.

Darasin da ke ciki guda biyu ne. Na farko, biranen da suka matsa wa sana'ar gajeren zama suka fi sa wa ido, suka bar mai zaman watanni ya sarara. Na biyu, matsi shi kaɗai ba ya sauko da haya, domin a New York kuɗin haya bai sauko ba bayan dokar. Abuja ba garin yawon buɗe ido ba ce kamar Basalona, saboda haka hanin ƙarfi bai dace da ita ba. Rajista irin ta Dubai, haɗe da fifita dogon zama, ta fi kusa da buƙatarta.

Abin da ya kamata a yi

A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, cewa tsara harkar otal-otal da ba su lasisi hurumin jihohi ne. Abuja ba ta da majalisar jiha, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke yi mata doka, Ministan Abuja kuma ke aiwatarwa. Saboda haka nauyin yana wuyan ’yan majalisar da su kansu suke cikin manyan masu kama waɗannan gidaje, da kuma Minista Nyesom Wike.

Mataki na farko shi ne rajista guda ɗaya, ta intanet, mai sauƙin kuɗi. Kowane gida ya samu lamba, a wajabta sa ta a duk wani talla, a kuma ba jama'a damar shigar da lambar a waya su ga adireshi da sunan mai izini. Wannan kaɗai zai rage zamba sosai, ya kuma ba hukuma adadin gidajen da ke kowace unguwa, ta yadda za ta yi magana da hujja.

Na biyu, a raba sana'ar gida biyu. Hayar ƙasa da wata guda a ɗauke ta a matsayin harkar otal: a karɓi katin shaidar baƙo, a nemi amincewar ƙungiyar mazauna rukunin gidaje, a kuma ƙayyade yawanta a unguwannin da aka ware domin zaman iyali. Hayar wata guda zuwa sama a sauƙaƙa mata haraji, a kuma ba baƙonta kariya, ta yadda ba za a tashe shi ba sai da sanarwar da ta dace.

Na uku, a tsara kuɗin ajiya. A sa masa iyaka, a wajabta jerin kaya da ɓangarorin biyu za su sa wa hannu ranar shiga, a sa wa'adin mayarwa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana da ikon sauraron irin wannan ƙorafi tun yanzu. Abin da ya rage shi ne ta fito da ƙa'idoji na musamman, ta kuma sanar da jama'a cikin harsunan da suke ji.

Na huɗu, Hukumar Kashe Gobara ta duba kowane gida kafin a ba shi lamba: tukunyar kashe wuta, ƙararrawar hayaƙi, wurin ajiye gas da janareto. A haramta kyamara a cikin ɗakuna da falo, a sa hukunci mai tsanani.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, a gyara hayar shekara. Mutane da yawa suna zama a shotlet ne saboda ba za su iya tara kuɗin shekara a dunƙule ba. Legas ta yi dokar haya a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, duk da cewa ta keɓe Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da ke neman a koma biyan haya wata-wata a Abuja, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma bai zama doka ba. Ya dace a farfaɗo da shi, a haɗa da hanzarta shari'ar haya a kotuna, domin mai gida ba zai yarda da biyan wata-wata ba muddin fitar da wanda ya ƙi biya zai ɗauke shi shekara.

Kafin doka ta iso

Har zuwa lokacin da hukuma za ta motsa, baƙo shi ne mai gadin kansa. Kada a tura kuɗi sai wani amintacce ya je ya ga gidan da idonsa, ko aƙalla a yi kiran bidiyo kai-tsaye daga cikin gidan. A nemi takardar yarjejeniya da ta faɗi ranar shiga da fita, awannin wuta, wanda zai sayi gas, da sharaɗin ƙara wa'adi. A ɗauki bidiyon kowane ɗaki ranar shiga a tura wa mai gidan. A biya ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na takarda, a karɓi rasit. Mai zaman wata ya nemi ragi, domin gidan da ke cike kwana 30 ya fi wa mai shi wanda ke jiran baƙon ƙarshen mako. Mai jinya kuma ya auna nisan gidan da asibiti, da ko akwai hawa bene, kafin ya duba kyawun kujeru.

Su ma masu gidajen na ƙwarai bai kamata su jira a tilasta musu ba. Idan suka haɗa kai suka fito da ƙa'idojinsu, suka riƙa fallasa mazambata, za su samu bakin magana ranar da za a zauna rubuta doka.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yayin da babban zaɓen 2027 ke matsowa, Abuja za ta sake cika da masu neman masaukin watanni, kuma wasu ’yan haya za su sake karɓar takardar tashi domin a zuba kujeru a inda suke renon ’ya’yansu. Majalisa da Ministan Abuja suna da lokacin da za su tsara sana'ar kafin wannan rana, yadda mai jinya daga Gusau zai samu masaukin da ba za a cuce shi ba, malamin makarantar da ke Utako kuma ya ci gaba da kwana kusa da ajinsa.